Gangar da Babu Fatarta a Shago

Ranar Laraba da hantsi fatar ƙaramar gangar Bahago ta fashe, ana tsakiyar gwaji, a waƙa ta uku. Ba ta yi wata ƙara ba. Sandarsa ce kawai ta nutse ta ƙi dawowa, da ya duba sai ga tsaga tun daga tsakiya har baki. Kiɗan ya ɗan ci gaba ba tare da shi ba, kamar motar da mai ya ƙare mata a gangare, sannan kowa ya tsaya.

Su biyar ne a ƙungiyar, kuma a wani ɗaki suke gwaji a bayan gidan Auta, wanda aka manna wa kwalayen ƙwai a bango don kada a dami maƙwabta. Auta ƙanen Bahago ne ciki ɗaya. Shi ne mawaƙin, shi ne kuma mai ƙungiyar, kowa Oga yake ce masa. Bahago kaɗai ke kiran sa Auta, don shi ya goya shi, shi ya koya masa ƙirga kiɗa da ƙafa tun yana yawo da majina. Yanzu kuwa fuskar Auta ce a jikin takardun talla. Bahago yana can baya, sai in mai hoto ya yi kuskure a ga gwiwar hannunsa.

"Yaya, me ya faru kuma?" in ji Auta.

"Fata ce. Ta gama nata."

Mai Fiyano ya yi gyaran murya. Wata biyu ke nan da ya zo da wani ɗan baƙin akwati mai maɓallai ya ajiye a gefen fiyanonsa, na'urar da ke buga ganga ba hannu ba gumi. Tun ranar da akwatin ya shigo ɗakin Bahago bai ƙara yi wa mutumin dariya ba.

"Oga, in ana so a ci gaba, ai ga wannan," in ji Mai Fiyano, yana shafa akwatin.

Auta bai kalli kowa ba, wayar makirfo yake naɗewa a hannu. Ya ce, "Asabar da la'asar muna da wasa a otal, kuma manyan mutane ne. Juma'a gwajin ƙarshe. In gangar ta tashi kafin nan, shi ke nan. In ba ta tashi ba, Yaya, kada ka ga laifina. Da akwatin za mu je."

Bahago ya san ma'anar wannan magana sarai. Haka aka ce wa mai ƙahonsu ya huta wasa ɗaya. Yau shekararsa biyu yana hutawa, yana tuƙa tasi. Duk abin da na'ura ta hau ba ta sauka, kuma shi shekararsa hamsin da huɗu, bai iya komai ba a duniya sai zama a wannan kujera.

Mai jita ya ce masa ya ari wata ganga mana, ai ba ita kaɗai ba ce a gari. Bahago ya harare shi. Aro! Sauran gangunansa, babbar ta ƙafa da na gefe, kowa yana da irinsu. Wannan ƙaramar ce babu irinta. Ta mahaifinsu ce, da ita ya yi shekara talatin yana kiɗa a ƙungiyar ma'aikatan jirgin ƙasa. Tana da wata murya busasshiya mai ɗan kauri a ƙasa, wadda in ta faɗo a waƙa ko daga bayan katanga mutum yake zai ce su Auta ne. Duk gangar da zai aro, akwatin zai fi ta tsafta. Muryar nan ce kaɗai abin da yake da shi wanda akwatin ba shi da shi, haka dai ya ɗauka. Ya sa gangar a jakarta ya fita, ko sallama bai yi ba.

A gida ya tarar da matarsa a kan keken ɗinki, tef rataye a wuya. Ya kwance kusoshin gangar guda takwas, ya cire zoben ƙarfen, ya ɗaga fasasshiyar fatar. Ana dai ce mata fata ne don sabo, amma roba ce, ta yi jawur don tsufa, tsakiyarta ta yi baƙi da sawun sanda. Mahaifinsu ya bar masa guda huɗu naɗe a tsohuwar jarida, wannan ce ta ƙarshe. Shekara goma sha ɗaya yana lallaɓa ta. Wato dai, duk daɗewarsa a sana'ar, bai taɓa shiga shago ya saya wa wannan gangar fata ba.

"Ara min tef ɗinki."

Ita ta tashi ta auna masa, don ba ta yarda da awon kowa ba. Ta auna ta nan, ta auna ta can, ta matse ido. "Inci sha huɗu ne da ɗan wani abu."

"Ba a yin ganga sha huɗu da ɗan wani abu. Sha huɗu ce, duk duniya."

"Ni dai abin da tef ya ce na faɗa maka. In na yanka riga a kan 'ba a yi', mai ita dawo min da kayana za ta yi."

"Riga daban, ganga daban."

"To, Malam makaɗi. Ka tafi da ita dai a gwada."

Bai tafi da ita ba. Shekara talatin da biyar yana kiɗa, tela ce za ta koya masa girman ganga?

Layin masu kayan sauti ba wurin mai ciwon kai ba ne. Kowane shago ya fito da sifika ƙofa ya ƙure ta, kowa da waƙarsa, har mutum ya ji haƙoransa na rawa. Bahago ya shiga shagon da ya fi girma. Sifiku ne jere har rufi, da makirfo, da fitilu masu juyawa, da irin akwatin Mai Fiyano kala uku a cikin gilashi. Mai shagon wani mai tumbi ne, waya ɗaya a kunne, ɗaya a hannu.

"Fatar ganga nake so, sha huɗu."

Mutumin ya sauke wayar kaɗan. "Fatar me? Au. Har yanzu ana neman wannan, Baba?"

Baba. Da ƙyar in Bahago ya ba shi shekara biyar. Ya haɗiye abin, ya ce ana nema. Mai shagon ya hau kujera ya laluba saman kanta, ya zaro wani faffaɗan kwali da yanar gizo-gizo a jikinsa, ya hure ya miƙo. Fatar da ke ciki fara ce tas, sabuwa dal. Bahago ya ƙwanƙwasa ta da yatsa kusa da kunne, ya ji ta yi masa. Ya biya ya kama hanya, har yana ɗan fito.

A gida ya ɗora ta a bakin gangar, ta ƙi shiga. Ya juya ta, ya danna wannan gefe, wancan ya ɗaga. Ya danna wancan, wannan ya ɗaga. Zoben da ke kewaye da fatar ya zauna a saman katakon ya yi ƙememe, kamar murfin tukunyar da ba tasa ba. Matarsa tana kallo ta gefen ido, ƙafarta ba ta daina taka keke ba. Da ta ce masa wani abu da ya fi masa sauƙi, ko ba komai ya samu wanda zai yi wa faɗa.

"Jabu ya sayar min," in ji Bahago.

"Allah ya kyauta," in ji ta.

Ranar Alhamis tun ana buɗe shaguna ya koma, wannan karon da gangar a kafaɗa. Mai tumbi ya ce kayan da aka buɗe ba ya dawowa, amma don girman Baba bari a gwada wata. Aka gwada wata, aka gwada ta wani kamfanin, duk kanwar ja ce.

"Baba, kayana lafiyarsu ƙalau. Gangarka ce ta karkace. Wannan ai sai gidan tarihi." Ya nuna gilashi da haɓa. "Ka ga waɗancan? Ganga ɗari biyu ce a cikin kowanne. Ba fata, ba fashewa, ba ciwon baya. Makaɗa da yawa sun koma, in kana so in kunna maka ka ji."

Bahago ya mayar da gangarsa jaka a hankali, don ya san in ya yi sauri hannunsa zai iya kai wa wani wuri. Shaguna huɗu ya shiga bayan wannan. Biyu ba su ma san ana sayar da fata daban ba, sun ce sai dai ya sayi saiti gaba ɗaya. Ɗaya ya fito masa da ta gangar 'yan makaranta. Ɗaya kuma ya ce an daina kawowa tun da mutane suka waye.

Can ƙarshen layin akwai wani shago marar sifika a ƙofa, jita rataye a bango, ƙahonin 'yan fareti a kan kanta. Wata Hajiya ce mai tabarau ke zaune a ciki, mijinta ne ya bar mata shagon. Ita ce mutum na farko da ya ba shi kujera a ranar. Ta fito da duk sha huɗun da take da su, guda biyar, ta shimfiɗa tawul a kan kanta, suka gwada ɗaya bayan ɗaya.

"Ikon Allah," in ji ta, ta sa farce tsakanin zoben da katakon. "Saura ƙiris fa. Bai fi kaurin farcen nan nawa ba. Kuma gangar ba ta karkace ba, dubi, ko'ina daidai take ƙin shiga."

"To mene ne, Hajiya?"

"Ni ciniki na iya, ban iya wannan ba. Ka zaga bayan layin nan, ƙarƙashin matakalar bene, akwai wani dattijo mai gyara, Injiniya ake ce masa. In bai sani ba, babu wanda ya sani. Amma ka daure, bakinsa ba shi da linzami."

Wurin Injiniya bai fi a shimfiɗa tabarma biyu ba. Jita marasa wuya, ƙahoni lanƙwasassu, gwangwanaye cike da kusoshi, da warin gam. Dattijon ya kai saba'in da wani abu. Ya karɓi gangar da hannu biyu, ya juya ta a haske, ya leƙa cikinta, ya shinshina. Ya ƙwanƙwasa katakon da bayan yatsa ya saurara har ƙarar ta mutu. Daga nan ya bi bakinta da ɗan yatsa, a hankali, har ya kewayo inda ya fara.

"Wannan ta girme ka," in ji shi. "Ta wa ce?"

"Ta mahaifina."

"Ya san abin da ya riƙe. Kai kuma da alama ba ka sani ba, tunda ka je kana cusa mata kayan kanti. An yi ta ne tun kowane maƙeri yana da nasa awon, kafin su haɗu su daidaita. Ta ɗara sha huɗun yanzu da ɗan kaɗan. Ko ka zaga shagunan garin nan kaf, ba za ka samu tata ba."

Bahago ya tuna da tef ɗin matarsa, ya ji kunya ta kama shi har wuya. "To yanzu yaya za a yi?"

"Hanya biyu ce. Akwai masu yin irin tata a waje, sai a aika, sati shida in an yi sa'a. Ko kuma in lanƙwasa mata zoben katako daidai ita, in jiƙa fatar akuya in naɗe a kai, ta bushe a inuwa a hankali. Kwana goma. Wannan ma ya fi, za ka ji abin da ba ka taɓa ji ba."

"Gobe nake da gwaji. Jibi wasa."

"Sai ka ari wata."

"Ba zai yiwu ba."

"To ka huta wasa ɗaya, ɗana. Wasa ɗaya ne, duniya ba za ta tashi ba."

Bahago ya yi wata dariya marar daɗi. Kowa da bakinsa wasa ɗaya, wasa ɗaya, kamar an haɗa baki. Ya kalli gangar, ya kalli sabuwar fatar da ya saya jiya, abin da ya tsaya tsakaninsu bai fi kaurin farce ba. Ya ce, "Injiniya, in aka ɗan rage katakon fa? Aka kankare gefen kaɗan, ta yadda zoben zai wuce?"

Dattijon ya ajiye gangar, amma bai ɗauke hannunsa daga kanta ba. "Ana yi. Jahilai suna yi. Kawo yatsanka." Ya kama yatsan Bahago ya ɗora a kan siririn gefen da fata ke kwanciya. "Ka ji wannan? Duk muryar da kake taƙama da ita a nan take, ba a fata ba. Wanda ya sassaƙa wannan bakin ya daɗe a ƙasa, kuma ni kaina ban iya irinsa ba. In ka taɓa, fatar za ta shiga. Amma wata ganga za ka ji, kuma abin da ka kankare ba ya komawa."

"Kai ka yi min mana, a hankali. Hannunka ya fi nawa."

"Ba da hannuna ba."

"Abincina ne fa, Injiniya. In ban je da ita gobe ba, an gama da ni."

"Na ji, kuma na tausaya maka. Amma ba da hannuna ba. Ka bar min ita kwana goma, ko ka ɗauke ta daga gabana."

Ya ɗauke ta. A hanya yana ta zagin dattijon a zuci: tsohon da ya zauna ƙarƙashin matakala shekara da shekaru, wa zai kore shi daga can, wace na'ura ce ke son wurinsa? Da sauƙi mutum ya yi wa'azin haƙuri in ba kujerarsa ake ja ba. Ya tsaya a shagon kayan gini ya sayi magagarin kankare katako da samfefa.

Bayan azahar ya zauna a tsakar gida, ya matse gangar tsakanin gwiwoyinsa. Ya daɗe da magagarin a hannu bai fara ba. Da ya fara kuma sai ya ga abin ba wuya, kuma wannan ne ya fi ba shi tsoro. Garin katakon ja ne, mai laushi, yana zuba a kan wandonsa, yana ƙanshi irin na cikin tsohuwar durowar mahaifinsu. Keken ɗinki ya tsaya. Matarsa ta fito ta tsaya a bakin ƙofa.

"Me kake yi haka?"

"Gyara."

"Wani mai gyara ne ya ce a yi haka?"

"Koma kan ɗinkinki, don Allah."

Ya kankara, ya gwada, ya ƙara kankara. Hannun hagunsa ya fi ƙarfi, don haka wani gefen ya fi wani ci, sai ya koma ya rage ɗayan don su daidaita, sai kuma wancan ya zarce. Ya bi da samfefa ya shafe. Rana ta yi sanyi lokacin da zoben ya zame ya zauna, cif. Ya ji daɗi, ba zai ɓoye ba. Ya mayar da zoben ƙarfe, ya ɗaure kusoshin yadda mahaifinsa ya koya masa, wannan sannan na daura da shi, rabin juyi rabin juyi, kada wani gefe ya riga wani. Ya ɗora tafin hannu a tsakiya ya danna da nauyinsa har fatar ta yi ƙas-ƙas ta kwanta. Ya ƙara ɗaurewa, ya ɗauki sanda ya buga.

Kwali. Abin da ya ji ke nan, kamar an bugi kwalin sabulu. Ya sassauta, ya buga. Ya ƙara ɗaurewa, ya buga. Ya gyara wayoyin ƙarfen da ke gindinta. Kaurin nan da ke ƙasan muryar ya tafi, sai wani ɗan zirin kuka da ke biyo bayan kowane bugu daga gefen da fatar ba ta zauna daidai ba.

"Ya yi?" in ji matarsa daga ɗaki.

"Sabuwar fata ce. Sai ta kwana za ta saki."

Ta ci gaba da taka kekenta. Shekara ashirin da shida tana jin gangar nan ta cikin bango, ta san muryarta kamar ta 'ya'yanta.

Fatar ta kwana, ba ta saki ba. Ranar Juma'a ya riga kowa zuwa ɗakin gwaji, ya kafa kayansa, ya manna ɗan tsumma a gefe don ya kashe kukan. Da suka taru mai jita ya ce, "Kai, Bahago ya yi sabuwar amarya!" Aka yi dariya, aka ɗauki waƙar farko. Ba su kai rabi ba Auta ya ɗaga hannu.

"Yaya, wannan wace ganga ce?"

"Wacce ka sani."

"A'a. Gangar Baba nake tambaya."

"Ita ce. Fatar ce sabuwa."

Auta ya zo ya durƙusa a gabanta. Ya ga farin katako yana leƙowa ta ƙarƙashin zoben, inda da yake baƙi mai sheƙi. Ya taɓa, garin ja ya manne masa a yatsa. Da ya ɗago, ba fuskar Oga ba ce, ta yaron nan ce da ke zama a ƙasa yana kallon ƙafar mahaifinsu.

"Kankare ta ka yi?"

"Babu fatarta a shago. Ka ce Juma'a."

"Na ce Juma'a, sai ka ɗauki ƙarfe ka ci bakin gangar Baba? Ai da ka faɗa min! Ni ma ubana ne, Yaya, ba kai kaɗai ya haifa ba!"

"Da na faɗa maka me za ka ce? In huta wasa ɗaya?"

Auta ya miƙe ya share yatsansa a wando, ya juya ga Mai Fiyano ya ce, murya ƙasa-ƙasa, "Kunna masa."

Mai Fiyano ya danna maɓalli ɗaya. Bugu ɗaya ya fito daga sifika, busasshe, mai kauri a ƙasa. Har Bahago ya kalli gangar da ke gabansa, kamar ita ce ta yi magana. Aka sake dannawa, ta sake fitowa, ita ce, babu ko tantama, har da ɗan nauyin hannun hagunsa.

"A ina kuka samu wannan?"

"Bara, da muka je ɗaukar faifai," in ji Mai Fiyano, yana kallon maɓallansa. "Da aka ce ka buga ɗai-ɗai a gwada makirfo, da ƙarfi, da a hankali. Mai ɗaukar ya ajiye. Ni kuma na zuba a nan."

"Wata biyu tana ciki," in ji Auta. "Ban taɓa bari an kunna ba, saboda kai."

Bahago ya so ya ce an yi masa sata. Amma me aka sata, tunda ga gangar a gabansa, kuma shi da hannunsa ya kashe ta jiya da la'asar? Baƙin ciki ya cika shi, na Auta, na Mai Fiyano, na mai tumbi, na Injiniya da gaskiyarsa, amma mafi yawa nasa na kansa. Ya fara kwance kayansa.

"Tsaya, Yaya," in ji Auta. "Ban ce ka tafi ba. Masu otal sun ce cikakkiyar ƙungiya suke so, mutane suna son ganin makaɗi a dandamali. Ka zo ka zauna a wurinka. Sautin zai fito daga akwati, kai kuma ka riƙa bi da hannu. Sai dai kada sanda ta taɓa fata, don makirfona yana ɗaukar komai."

"In yi rawa ke nan."

"Ka zauna a kujerarka, na ce. Ba wanda zai sani."

Mutum mai zuciya da ya tofa yawu ya fita. Bahago ma ya ɗauka shi mai zuciya ne, har zuwa wannan rana. Ya tsaya da makullin ɗaure kusoshin ganga a hannu yana tunanin tasi, da yadda ko tuƙi bai iya ba. Ya tambayi ƙarfe nawa mota za ta tashi.

Ranar Asabar aka kafa su a lambun otal, ƙarƙashin rumfa, rana tana dukan gefen dandamalin. Mutane sun cika kujeru da kofuna a hannu. Mai Fiyano ya danna, gangar mahaifinsu ta fito daga sifiku manya guda huɗu, ba ta taɓa cika wuri haka ba. Bahago ya ɗaga sanda ya sauke, ya tsayar da ita saura kaɗan ta taɓa. Ashe rashin bugu ya fi bugu wahala. In ka buga, fata ce ke dawo maka da sanda. In ba ka buga ba, wuyan hannunka ne zai tare ta, sau dubu, waƙa bayan waƙa. Kafin a kai ta huɗu hannayensa sun yi tsami. Wurin da ya saba ɗan jan kiɗan baya don Auta ya samu numfashi, akwatin bai sani ba, ya wuce abinsa, sai shi ne ya bi shi a guje. Gumi ya jiƙa masa riga fiye da kullum. Mutane suka yi ta tafi, wasu har suna nuna shi.

Da aka tashi, yana durƙushe yana kwance ƙafafun kayansa, sai ga wani dattijo mai furfura da sandar dogarawa ya hawo dandamalin da ƙyar. Ya kama hannun Bahago da hannu biyu.

"Tun kuna wasa a ƙananan wurare nake bin ku," in ji shi. "Kowa ya koma na'ura, ɗana, kowa. Kiɗa ya zama na 'yan danne-danne. Kai kaɗai ka tsaya. Na ce wa matata, rufe idonki ki saurara, wannan hannun mutum ne. Wannan gangar ko a mafarki na ji ta zan gane ta. Yau ma har ta fi daɗi."

"Na gode, Baba," in ji Bahago.

"Ita ce wannan ko? Bari dai in ɗan taɓa ta sau ɗaya, in ce na taɓa."

Ya lanƙwasa yatsa zai ƙwanƙwasa. Bahago bai san lokacin da ya cafke wuyan hannun dattijon ba, da ƙarfi, har mutumin ya yi 'yar ƙara.

"Ba a taɓawa."

Dattijon ya ja hannunsa yana murzawa, ya kalle shi da mamaki. Sai kuma ya gyaɗa kai, fuskarsa ta cika da girmamawa. "Gaskiyarka. Ka yafe ni. Abu irin wannan ai sai mai shi. Ka riƙe ta da kyau, ka ji? Kada ka bari komai ya same ta."

"In sha Allahu," in ji Bahago.

Ya jira har dattijon ya sauka daga matakala ya shige cikin mutane, sannan ya buɗe jaka ya tura gangar ciki, ya ja zif.